Ranar Makka da Fentin Tsohon Babur

Sau biyu a shekara, ranar 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana kan tsaya cak a saman Ka'aba daidai azahar, har sandar da aka kafa a tsaye ta rasa inuwa. Masu lissafin alƙibla na jiran waɗannan ranaku. Unguwar Zahir kuwa 'yan kilomitoci ne kawai arewa maso yamma da Harami, a kan hanyar da ta wuce zuwa Tan'im, don haka ranar nan ce dai take sauka a kan tankin duk babur ɗin da aka bari a ƙofar gida. Daga Mayu zuwa Satumba zafin Makka kan haura digiri 40 kusan kullum. A lokacin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ƙarfe mai baƙin fenti da ya yini a irin wannan rana yana iya kaiwa digiri 80, hannu ba ya iya taɓa shi.

Baburan da nake magana a kansu ba na masu kai saƙon abinci ba ne, ba kuma waɗanda ke ɗibar alhazai tsakanin Mina da Aziziyya lokacin cunkoso ba. Baburan gudu nake nufi, masu rigar roba daga hanci zuwa wutsiya, waɗanda matasan Kano ke kira fawa, a Makka kuma kowane iri dabbab ne. Kawasaki ta fito da GPZ900R, Ninja ta farko, a 1984. Suzuki ta biyo da GSX-R750 a 1985, Honda ta kawo Fireblade a 1992, Yamaha R1 ta zo a 1998, Hayabusa a 1999. Wanda ya fito a 2005 ma yau ya kai shekara ashirin. Da yawansu sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso wurin saurayin da ke da su yanzu, ciki har da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Jarwal da Hindawiyya da Shari' Mansur da ita kanta Zahir. Injinan Japan na wancan zamani suna da jimiri, in ana canza musu mai a kan lokaci sai su yi ta tafiya. Fenti ne ke fara mutuwa. Kuma abin da ke ba ni takaici shi ne, sau da yawa mai babur ɗin da ya fi ƙaunarsa shi ne ke ƙarasa kashe shi da hannunsa.

Sai an san yadda fentin yake kafin a gane dalili. A kan tankin ƙarfe akwai shimfiɗar farko da masu fenti ke kira firaima, mai kama ƙarfe ta hana tsatsa. Sama da ita akwai launi. Sama da launin akwai kiliya, ruwan sheƙi marar launi wanda a cikinsa aka zuba sinadaran da ke shanye hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani. Duka ukun a haɗe ba su wuce kaurin takardar rubutu ɗaya ko biyu ba. Kiliyar kanta kan kasance tsakanin maikuron 35 zuwa 50, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato kiliyar ba ta kai kaurin silin gashi ba. Abin da ke tsakanin ranar Makka da launin babur ke nan. Sinadaran nan na tsaro suna ƙarewa a hankali, shekara bayan shekara, kuma ba su da sabuntawa.

Idan kiliya ta fara gajiya, sheƙi ke fara disashewa. Daga nan sai a ga fari-fari a saman tanki da kan wutsiya, wuraren da ke kallon sama kai tsaye. Sai tsaga ƙanana, sai ta fara ɓarewa daga gefe. Launuka kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ja yana saurin koɗewa, ya koma ruwan hoda. Launukan nan masu ɗaukar ido da aka yi yayi a farkon shekarun 1990, hoda da ruwan lemo da rawaya masu kama da wuta, su ne mafi rauni, domin da rini aka yi su, rini kuwa ba ya jure rana. Haka fentin kandi, wanda ake fesa launi mai shara-shara a kan ruwan azurfa: in ya koɗe, azurfar ce ke fitowa, kuma babu gogewar da za ta mayar da jan da ya tafi. Fari da ruwan azurfa su ne suka fi daɗewa.

Abin da aka saba yi shi ne, da zarar babur ya yi duhu sai a kai shi wurin masu talmi'i, wato masu goge fenti, a ce, "Malam, a buga masa folish ya fito sabo." Zai fito kuwa, na wata biyu ko uku. Folish ba ya ƙara komai a jikin fenti. Aikinsa kankarewa ne, yana cinye saman kiliya har sai ya daidaita da zurfin ƙarcen da ke jikinta, sai haske ya dawo. Tamkar wasa wuƙa ne a dutse: kowane wasi na kawo kaifi, kowane wasi kuma na rage ƙarfen. Masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa yarda a cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a duk tsawon rayuwar fentin. Babur mai shekara ashirin da ya bi hannaye da yawa, wa ya san sau nawa aka goge shi? Akwai 'yar na'urar da ke auna kaurin fenti, amma wadda ta fi yawa a kasuwa a kan ƙarfe kawai take aiki. Tanki za ta auna maka, robobin jiki kuwa, waɗanda su ne mafi yawan fuskar babur ɗin gudu, ba za ta ce komai a kansu ba.

Nan ne ma babur ya bambanta da mota, kuma nan ne masu goge motoci ke yin ɓarna ba da niyya ba. Jikin mota faffaɗan ƙarfe ne da ke watsa zafin injin gogewa. Rigar babur robar ABS ce, ba ta watsa zafi, tana tara shi wuri ɗaya, kuma takan fara laushi da zarar ta kai wajen digiri 100. Injin folish mai juyawa da sauri, in ya tsaya daƙiƙa kaɗan a kan lanƙwasa ko kaifin gefe, sai ya ƙone kiliya ya kai ga launi. Babur ɗin gudu kuwa kusan duk jikinsa kaifi ne da lanƙwasa, kuma a kan kaifi fenti ya fi siranta tun daga masana'anta. Ga sitika. A tanki yawanci tana ƙarƙashin kiliya, a robobin gefe kuma sau da yawa a sama take, ba abin da ya rufe ta. Wanda bai duba ba ya bi ta kanta da inji, ya goge rubutun da ba a ƙara buga irinsa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Abin da ya fi amfani ga tsohon fenti a Makka ba ya cikin kwalba, inuwa ce. Zahir tsohuwar unguwa ce mai gidajen haya da lunguna, ba kowa ke da gareji ba, na sani. Amma ƙarƙashin matakala, ko zauren shiga gida, ko gefen ginin da rana ba ta bugawa daga azahar zuwa la'asar, duk sun fi bakin titi. Wanda ya samu wurin da zai raba babur ɗinsa da ranar tsakiyar yini ya yi wa fentinsa abin da ya fi gogewa goma.

Mayafin babur yana taimakawa, amma da sharaɗi. Duwatsun da suka kewaye Makka da rushe-rushe da gine-ginen da ba sa ƙarewa suna cika iska da ƙura iri biyu. Ɗaya tana ɗauke da ɓarɓashin dutsen kwaz, wanda ya fi gilashi tauri. Idan aka lulluɓe babur mai ƙura da tampol, iska ta yi ta kaɗa shi dare da rana, samfefa aka ɗaura masa. Sai a rufe babur mai tsabta da mayafi mai laushin ciki, mai barin iska ta ratsa, a ɗaure shi sosai. Ƙura ta biyu ta siminti ce, wadda da ta samu laima sai ta kama jikin fenti ta fara cinsa. Ruwan sama a Makka kaɗan ne, wajen milimita 100 a shekara, yawanci daga Nuwamba zuwa Janairu, amma yayyafin da zai jiƙa ƙura ya bar ta a jiki ya fi mamakon da zai wanke ta illa. Bayan yayyafi a wanke babur a ranar.

Sai tattabaru. Zahir na cikin iyakar Harami, ba a farautar tsuntsu ba a firgita shi, kuma haka ya kamata. Amma kashin tattabara yana da tsami, in ya sauka a kan tanki mai zafi, fenti ya buɗe da rana ya tsuke da dare, sai tabon ya zauna har bayan an wanke. Maganinsa a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai na 'yan mintoci, ya yi laushi, a ɗauke shi sama. Kada a murza, domin akwai tsakuwa a cikinsa.

Wanki shi ne inda aka fi yin ƙananan laifuffukan da ke taruwa. Mun taso muna ganin ɗan acaɓa a Kano, kafin a hana sana'ar a Janairun 2013, yana kaɗe Jincheng ɗinsa da busasshen tsumma duk inda ya tsaya, kuma ɗabi'ar ta bi mu har Hijaz. Busasshen tsumma a kan ƙura shi ne ke haifar da zanen nan mai kama da saƙar gizo da ake gani idan rana ta haska baƙin tanki. A fara kwarara ruwa ya ɗebe ƙurar kafin hannu ya taɓa. A yi amfani da sabulun wanke mota, ba garin wanki ba, ba kuma na wanke kwanuka ba, waɗanda ke cire kakin da aka shafa su busar da roba. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga sama, a bar ƙafafu da sarƙa zuwa ƙarshe da wani soson dabam. Lokacin wanki bayan asuba ne ko bayan magariba, inji a sanyaye. Ruwan famfon Makka daga tashar tace ruwan teku ta Shu'aiba yake zuwa, na tankar ruwa da ake kira wayit kuma wani lokacin na rijiya ne mai gishiri-gishiri. Ko wanne ne, in ya bushe da kansa a kan fenti mai zafi zai bar ɗige-ɗigen fari da ke iya nutsewa cikin kiliya. A tsane shi nan take da tawul mai laushi. Wanda ya hau zuwa Hada ko Ɗa'if da daren Alhamis zai dawo da ƙwari manne a hanci, wanda ya gangara gaɓar tekun Jidda zai dawo da gishiri a jiki, dukansu kada su kwana biyu.

Abubuwa biyu na cikin babur ɗin kansa ma suna cin fenti. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana narkar da fenti cikin mintoci, kuma kofinsa yana rataye ne daidai saman tanki da rigar gaba. Duk bakaniken da zai buɗe shi ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma tukuna, in ya ɗiga a bi shi da ruwa mai yawa. Fetur da ke zuba a bakin tanki yana barin rawayan tabo idan ana barinsa ya bushe. Tina da asiton kuwa kada su kusanci robar ABS ko gilashin gaba, suna narkar da su ko su sa su tsattsage.

To, idan fentin ya riga ya gaji fa? Sai a tsaya a tantance wane irin ciwo ne, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba.

A ɗiga folish kaɗan a farin tsumma a goga a wani lungu da ba a gani. Idan launi ya fito a tsumman, fentin shimfiɗa ɗaya ne, ba kiliya a kansa, irin wanda ake samu a wasu tsofaffin babura da wasu sassa masu launi ɗaya. Wannan shi ne ciwo na farko, kuma albishir ne. Irin wannan fenti samansa ne ke mutuwa ya zama gari, a ƙasa launin na nan da ransa, kuma gogewa a hankali da hannu takan dawo da ja ko baƙin da aka fidda rai da shi. Idan tsumma ya fito fari, akwai kiliya. Sai a jiƙa wurin da ruwa a duba: in duhun ya ɓace yayin da yake jiƙe, ƙarcen kuma farce ba ya maƙalewa a cikinsa, ciwo na biyu ke nan, a sama yake. A wanke, a bi shi da yumɓun goge fenti da ruwan sabulu don ciro abin da ya nutse, sannan a fara da folish mafi laushi, da hannu ko da inji mai karkarwa wanda ba ya tara zafi, bayan an rufe kaifi da bakin sitika da tef. In mai laushin ya wadatar, a tsaya nan. Ba dole sai kowane ƙarce ya fita ba. Ƙarce mai zurfi guda ɗaya a kan fenti mai sauran kauri ya fi fenti sumul da ya kusa hujewa. Samfefar ruwa mai lamba 2000 ko 3000 aikin gwani ce, kuma a kan tsohon babur ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya gwada ta ba.

Ciwo na uku shi ne kiliyar da ta yi fari ta fara ɓarewa. Wannan ta mutu. Babu folish, babu kaki, babu maganin da ake talla da zai tashe ta, duk wanda ya ce zai iya kuɗinka yake so. Sai fesa sabo.

Bayan gogewa dole a rufe fentin da wani abu. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata giginyar Brazil, yana ba da sheƙi mai zurfi, amma yana narkewa a ɗan sama da digiri 80, don haka a bazarar Makka makonni kawai yake yi. Na roba da ake haɗawa a masana'anta ya fi shi daɗewa. Nano seramik da shagunan Makka da Jidda ke tallatawa yana da amfaninsa: ƙura ba ta kama shi sosai, wanki na sauƙi. Amma kaurinsa maikuron ɗaya ne ko biyu, ba ya hana ƙarce, ba ya maye gurbin inuwa, kuma kafin a shafa shi sai an goge fentin da inji, wato an sake cin kiliyar da ake son karewa. Ledar kariya mai kauri tana tare tsakuwa a hanci da gogar zif a tanki, sai dai ranar cire ta tana iya tafiya da tsohuwar sitika ko kiliya mai rauni.

Wanda ya kai ga sabon fenti ya fara da neman lambar launi. A baburan Honda tana kan wata 'yar takarda, galibi a ƙarƙashin kujera, ja yana farawa da R, baƙi da fari da ruwan toka da NH. Amma lambar launin ranar da babur ya fito take bayarwa, ba launin da rana ta bari ba, don haka mai fenti na ƙwarai a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, zai fesa gwaji a kan guntun ƙarfe ya kai shi hasken rana ya kwatanta da sashen da ke kusa. Roba na bukatar firaimarta dabam da ta ƙarfe, kuma tsagaggen ABS ɗinke shi ake yi da zafi, ba a cika shi da fila ba. Tanki kuma sai kiliya mai haɗi biyu, wadda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa. Ta gwangwanin fesawa na yau da kullum fetur na farko da ya zuba zai narkar da ita. A nan ina roƙon ƙannena masu son yin aikin da kansu a saman bene: sinadarin nan na ƙarfafawa yana ɗauke da aisosayanet, wanda ke jawo asma ta dindindin, kuma takunkumin takarda ba ya tare shi. Fesa shi aikin ɗakin fenti ne mai fitar da iska. Haka kuma kada a taɓa tanki da wuta ko walda sai gwani ya tabbatar babu tururin fetur a ciki.

Akwai kuma doka. A Saudiyya launin abin hawa yana rubuce a istimara, wato takardar rajistarsa, canza shi ba tare da izinin Murur, 'yan sandan kula da hanya, ba laifi ne. Wanda ke son mayar da shuɗin GSX-R baƙi ya fara da ofishin Murur kafin ya je wurin mai fenti.

Duk da haka ni ba na gaggawar ba da shawarar a sake fenti gaba ɗaya. Mu Hausawa muna son kaya ya fito fil, kuma a kasuwar babura ta Fagge ko a haraj, kasuwar gwanjo ta Makka, sabon fenti na ɗaukar idon mai saye. Amma wanda ya san babura, sabon fenti a kan tsohon babur tambaya yake sa shi yi: me aka rufe? Babur ɗin gudu faɗuwa yake yi, kuma fentin asali, ko da ya koɗe, shi ne shaidar cewa wannan gefen bai taɓa jan kwalta ba. A Japan da Turai Fireblade ta 1992 mai fentin masana'anta ta fi wadda aka sake wa fenti daraja. Wanda kuwa ya fesa sabo don ya ɓoye faɗuwa, ya sayar bai faɗa ba, algus ya yi, kuma algus ɗin da ke iya kashe mutum, domin ƙarƙashin fentin akwai yiwuwar firam ya karkace, mai saye kuma zai hau shi ya gangaro kwanonin Hada. Gyara sashen da ya mutu kaɗai, a bar sauran, a faɗa wa mai saye abin da aka yi, ya fi a idona.

Hanya ta tsakiya da mutane da yawa ke bi yanzu ita ce sayen cikakkiyar rigar roba ta China ta intanet, da fentinta da sitikarta, a kuɗin da bai kai na gefe ɗaya na asali ba. Araha ba ta ado: ramukan kusoshi ba sa faɗawa daidai, robar ta fi sirantaka, kiliyarta kuma ba ta jure rana kamar ta Japan, sannan sai an manna takardar hana zafi a cikin ta ƙasa don kada salansa ya narkar da ita. Amma ga mai hawa kullum tana da fa'ida guda babba, ita za ta sha rana da tsakuwa a madadin ta asali. Sharaɗin shi ne kada a jefar da ta asalin, kada kuma a kai ta tashlih, wurin masu sayar da tsofaffin sassa. A wanke ta, a naɗe kowane sashe da tsohon bargo, a haɗa kusoshinta a leda, a ajiye cikin ɗaki, ba a saman bene ba inda zafi zai lanƙwasa ta. Suzuki da Honda sun daina ƙera da yawa daga cikin waɗannan sassa na shekarun 1990, kuma mai sayen da ya san abin da yake nema zai tambaye su tun kafin ya tada inji.